Jirgin da Ba Shi da Mai Goshi

Tun da na dawo daga Yawuri ban samu sakat a gareji ba. Duk wanda ya kawo mota sai ya jingina da ita ya ce, "Lawali, wai an ce kun sha ruwa?" In na fara ba da labarin sai raina ya ɓaci, in jefar da sifana, aikin mutane ya kwana. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta shi sau ɗaya, duk mai tambaya in miƙa masa ya karanta, ni kuma in koma ƙarƙashin mota.

Ba yawon shan iska ya kai ni ba, Inna na raka. An haife ta a wani gungu, wato tsibiri, a tsakiyar kogi ƙasa da Yelwan Yawuri. Tana budurwa aka tare ruwa a Kainji, ya taso ya haɗiye garinsu, aka kwashe su zuwa tudu. Daga baya ta auri Babanmu, ɗan kasuwar albasa, ya kawo ta Jega. A nan ta haife mu, a nan ta binne shi, a nan take zaune da awakinta da 'yan kwamin da take shuka albasa a bayan ɗaki. Amma kabarin mahaifinta yana can ƙarƙashin tafki, kuma tun bara ta kama wata magana ba ta saki ba: "Ina son in tahi in gaida Baba."

Yayana Sani, wanda ke aiki a Abuja, da ya ji haka sai ya ce an zo wurin. Ga shi ta taɓa barin tukunya ta ƙone, ta kuma taɓa kiran jikarta da sunan ƙanwarta da ta rasu. Ya yanke cewa tsufa ya ruɗa ta, za a sayar da awakin, a rufe gidan, a kai ta wurinsa. Inna ta ce ko gawarta sai an yi da gaske. Sai ya kira ni ya ce, "Ka kai ta inda take so, ka sa mata ido. Duk abin da ka gani ka rubuto min. In abin ya tabbata, mota zan aiko." Na amsa masa da to. Ke nan a fili ni ɗan rakiya ne, a aljihu kuma ɗan rahoto.

Mun tashi a ƙarshen bazara, zafi kamar a gasa gurasa a kan kwalta. Motar haya muka shiga, kuma tun ba mu bar Jega ba kunnena ya gaya min ƙafar baya ta hagu tana kuka. Na faɗa wa direba, ya ce haka take gaisuwa. Hanyar Koko kuwa wanda ya sani ya sani: rami ya miƙa ka ga rami, shinge ya miƙa ka ga shinge, a kowane shinge a leƙo a dubi fuskokinmu kamar mu muka haƙa ramukan. Inna kuwa tana rungume da ƙullin dabinon da za ta yi sadaka da shi. Sai da muka kusa Yelwa, muna wuce wani gidan mai, ta dubi waje ta ce, "Nan duk daji na, har kuraye ka kuka." Na zaro waya a hankali na rubuta wa Yaya: ta ce gidan mai daji ne. Ko kunya ban ji ba.

A gidan Kulu muka sauka, 'yar ƙanen Inna, mai sana'ar bandar kifi. Gidan nan komai nasa kifi ne. Tabarma kifi, bargo kifi, ruwan alwala ma sai da na sansana. Aka kawo tuwon shinkafa da miyar da ba ka ganin ƙasan kwano saboda tsoka. Mu a Jega kifi ɗaya ake yanka wa gida guda, har a yi ta harara a kan kai, nan kuwa kyanwa ma ta ƙoshi tana tsallake shi. Na ce yau ranar ramuwa ce. Loma ta huɗu ƙaya ta tsaya min a wuya, na kama tari idanu suna ruwa. Kulu ta dunƙula tuwo ta ce in haɗiye ba taunawa, tana dariya tana cewa, "Mutanen tudu ke nan, kihi ma sai ya kashe ku bisa ƙasa." Inna kuwa ta gefe ɗaya take sa kifi a baki, ƙaya ta fito ta ɗaya gefen a wanke. Shekara arba'in da wani abu ina ɗanta, ban taɓa ganin ta ci abinci da irin wannan nishaɗi ba.

Da safe muna shirin fita, Kulu ta ja ni gefe. Ta ce ranar kasuwa ce a wani gari can ƙasa wajen Wara, kuma jiragen da ke zuwa can su ne ke bi ta kan tsohon gungun su Inna. Sannan ta riƙe hannun rigata ta ce, "Lawali, ruwa ya ja ƙwarai bana. Kada ku shiga jirgin da ba shi da mai goshi. Ka ji ko?"

Na ce na ji. Amma a raina dariya na yi. Mu abin da muka sani, in an ce mutum mai goshi ne, ana nufin mai sa'a, wanda in ya shigo shago ciniki ya buɗe. Na ce wato mutanen ruwa har yanzu sai sun nemi mai sa'a sun ɗora a jirgi kafin su tashi. Na sa maganar a kwandon camfi na rufe.

Bakin ruwa ya fi kowace tashar mota da na sani hargitsi. Jirgin da zai fara tashi na wani Ɗanjuma ne, shi ne mai shi, shi ne kuma matuƙi. Ba zai wuce shekara talatin da biyar ba, ga baƙin tabarau, ga abin sauraro a kunne, yana magana da mutum uku a lokaci ɗaya ba ya duban ko ɗaya. Don in tsokane shi na ce, "Maigida, an ce in tambaya, wai kana da mai goshi?" Ya washe baki ya bugi ƙirjinsa ya ce, "Ni kaina goshi gare ni, Alhaji. Shiga kawai." Na yi dariya, ya yi dariya. Yanzu na san ba abu ɗaya muke wa dariyar ba, kuma duk lokacin da na tuna wannan washe bakin sai in ji kamar in koma Yawuri da ƙafa.

Bari in kwatanta muku cikin jirgin, tunda shi kuka fi tambaya. Tsawonsa ya kai tirela, amma faɗinsa bai fi mutum biyar su jeru ba. Da manyan katakai aka haɗa shi, an cusa tsumma da auduga a tsakaninsu, an bi da gwangwanayen da aka buɗe aka daddake, an kafe da ƙananan ƙusoshi. A wani wurin har kana iya karanta sunan madara. An gitta katakai daga gefe zuwa gefe, su ne ke riƙe da jirgin kada ya buɗe, su ne kuma kujeru, don haka mai son zuwa baya sai ya yi ta tsallake kamar mai ƙetare kunyoyi. Sama rumfar tamfol ce a kan ƙarafa, gefe a buɗe. Can baya inji, kusa da shi jarkokin fetur, kusa da su kuma wani bawan Allah yana neman ashana.

Lodi kuwa ga yadda aka yi shi. Buhunan gishiri da siminti a ƙasa, akwatunan ƙwai da na lemo a kansu, mata da tsofaffi a tsakiya bisa buhuna, maza a gefe. Wani Bafulatani ya shigo da raguna biyu, aka ce ya rungume ɗaya. Daga nan aka kawo babura uku aka jera su a can gaba inda jirgin ya tsuke, aka ɗaure, har ba wurin da mutum zai sa ƙafa. Na leƙa na auna da ido: tsakanin ruwa da bakin jirgi bai kai tsawon sifana mai lamba goma sha bakwai ba. Ba zan yi muku ƙarya ba, mu ma a tasha muna lodin da Allah ya hana. Amma mota in ta gaji sai ka sauka ka tsaya a ƙasa kana zagin direba. A nan ina za ka sauka?

Aka rarraba mana rigunan ruwa, masu ruwan lemo, sababbi fil. Na ce to, ashe akwai sauran hankali. Wani mai rigar aiki, jami'in duba jirage, da ke zaune a inuwa ya ɗago kai, ya ga duk mun yi ja, ya ɗaga hannu.

Inna ce kaɗai ba ta zauna ba. Ta tsaya tana duban baburan nan, sannan ta juya ta ce, "Ina mai goshi?" Ta ƙara ɗaga murya, "Ɗan nan, da kai nike. Wa ka zama goshi?" Ɗanjuma ya yi kamar abin kunnensa ya toshe shi. Ni kuwa na ji kunya ta rufe ni, na ce ga camfin Kulu ya kama tsohuwa a gaban jama'a. Na ce, "Inna, zamna don Allah, Allah shi ka tsarewa." Ta dube ni wani iri, ta zauna. Da ya zo wucewa ta kama bakin rigarsa ta roƙe shi, in an kai kan garinsu ya tsaya mata ko na Fatiha ɗaya. Ya ce, "Inna, ruwa ba shi da tasha," ya tsallake ta ya wuce.

Muna shan kwanar farko, bakin ruwa ya ɓace, sai aka ce kowa ya tuɓe riga. Na ce ban gane ba. Aka ce ai an wuce mai rigar aiki. Ina kallo aka tattara su, aka cusa wasu tsakanin akwatunan ƙwai, wasu tsakanin babura don kada fenti ya goge. Wato ƙwai da fentin babur sun fi wuyan uwata daraja. Na miƙe zan yi magana, jirgin ya karkata, mutum ashirin suka daka min tsawa in zauna. A nan na koyi dokar farko ta jirgi: kana iya yin fushi, amma a zaune. Na hana a karɓi ta Inna, na ɗaure mata ita da kaina, ta ce tana shaƙe ta.

In ban da wannan, tafiyar farko ba laifi. Kogin ya yi ta buɗewa har gaɓa ta koma kamar zare, sai duwatsu can nesa. Wata mata ta buɗe roba tana sayar da soyayyen kifi, ana miƙa shi hannu zuwa hannu har ya isa ga mai shi ba a gutsura ba, abin da ba zai yiwu a motar Jega ba. Wani malamin makaranta da ke kusa da ni ya nuna ruwa ya ce wai ta wajen nan iyakar Kebbi da Neja take. Na duba ban ga shinge ba, ban ga mai leƙo fuska ba, na ce lallai an bar kuɗi a ruwa.

A gabana, a wani rami da aka bari tsakanin buhuna, akwai wani dattijo mai furfura da ake kira Baba Tanko. Aikinsa kwalfe ruwa da jarkar da aka yanke wa kai. Ya duƙa ya ɗebo ya watsar, ya duƙa ya ɗebo ya watsar, kansa a ƙasa, ba ya ganin komai sai ƙafafunmu. Na tambaye shi ko kullum haka jirgin ke yoyo. Ya ce, "Jirgin da ba ya shan ruwa yana bisa tudu." Ban san a lokacin ba cewa shekarunsa talatin yana zaman gaban jirgi, sai da aka ga babur uku sun fi shi kawo riba aka sauko da shi rami.

Wajen hantsi wani jirgi ya biyo mu a baya, shi ma kasuwar za shi. Ɗanjuma ya waiwaya ya gan shi, sai ya ƙara wuta, ya saki hanyar da ake bi ya yanke ta hagu don ya riga shi. Daga nan Inna ta canza. Ta gyara zama, ta kafa ido a kan wasu duwatsu biyu da ke gabas, ɗaya mai tsini ɗaya mai faɗin kai, tana duban su tana duban ruwa. Sai ta fara magana ita kaɗai. "Ga maƙera nan. Ga hanyar masussuka. Nan gidan su Ladi yake." Ba komai a wurin sai ruwa shimfiɗe. Matan da ke kusa suka fara taɓa juna, mai kifi ta ce, "Allah sarki, tsufa." Na zaro waya na rubuta wa Yaya: ta fara, tana ganin gidaje a kan ruwa. Na aika.

Ban mayar da wayar aljihu ba ta yunƙura ta miƙe, ta ɗaga hannu ta yi ihu da muryar da ban san tana da ita ba: "Kauce! Kasuwa ta gabanka, giginyu na nan!"

Ga abin da na yi, kuma shi ne ban taɓa faɗa a gareji ba. Na kama damtsenta na danne ta ƙasa da ƙarfi, na ce, "Inna, yi shiru, kina ba mu kunya."

Baba Tanko ne ya ɗago kai. Ya jefa mata wata tambaya da Gunganci, harshen mutanen gungu, ta amsa masa da Gunganci, yaren da ban taɓa jin ta haɗa jimla da shi ba. Ya dubi duwatsun nan, ya yar da jarka, ya juya baya yana kaɗa hannu biyu yana cewa a kashe inji. Ɗanjuma sai da ya tsaya cire abin kunne. Ya rage wuta, amma bai gama ragewa ba muka ji ƙuuu daga ƙasa, jirgin ya yi tsalle ya karkata, ƙwai suka tarwatse, rago ya kuɓuce, salati ya tashi ko'ina. Katako ɗaya ya tsage daidai ƙarƙashin ƙafata, ruwa ya fara shigowa kamar an buɗe famfo. Da da gudun farko muka hau kututturen nan, da yanzu wani ne ke ba ku labarin.

Da na leƙa sai na gan su. Kawunan giginyu, baƙaƙe, a tsaye ƙarƙashin ruwa, wasu saura kaɗan su ɓullo, a gaba da hagu da dama. Itatuwan kasuwar su Inna ne, sun fi shekara hamsin a ruwa ba su faɗi ba, mun shigo tsakiyarsu. A nan ne Baba Tanko ya daka wa Ɗanjuma tsawa, "Na hwaɗa maka ba a tahiya babu mutum goshi! Ka aza babura inda ido ka zama!" Sai a lokacin kaina ya buɗe. Goshin jirgi. Mai goshi shi ne mutumin da ke zama a can gaba da gora a hannu, yana duban ruwa yana nuna wa matuƙi hanya. Ni da bakina ba ya rabuwa da goshin mota tun safe har yamma, aka ce min goshi na tafi neman mai sa'a.

Baba Tanko ya ce shi ya san hanyar jirage, amma nan ciki bai taɓa shigowa ba. Inna ta ce, "Ni na sani. Ku kai ni gaba." Ba wanda ya yi dariya. Aka miƙa ta hannu zuwa hannu bisa katakan nan kamar yadda aka miƙa kifi, aka zaunar da ita a kan sirdin babur na tsakiya. Baba Tanko ya maƙale a gefenta da gora. Ni na faɗa ramin da ya bari, na cire rigata na cusa a tsagar, na fizgo rigunan ruwan nan daga cikin fasassun ƙwai na danna a kai, na taka da ƙafa biyu. Malamin makaranta ya ɗauki jarka, mai kifi ta juye kifinta a zane ta kama kwalfa da roba, Bafulatani ya ba da ƙwaryarsa.

Daga inda nake ba na ganin komai sai bayan Inna da hannunta. Ta ɗaga shi dama, jirgi ya bi dama. Ta karkata shi hagu, ya bi hagu, a hankali kamar mai tafiya a ɗakin mara lafiya. Ina jin ta tana cewa, "Bi hanyar 'yan albasa. Yauwa. In mai tsinin nan ya ɓuya bayan mai hwaɗi, ka miƙe." Ashe tun tana yarinya, in ta tuƙo kwalekwalen babanta daga gona, da duwatsun nan biyu take gane mashigar gari. Gari ya nutse, duwatsu suna nan inda ta bar su. Sau biyu gorar Baba Tanko ta daki itace a daidai inda ta ce a kauce.

Muna cikin haka sai ta ɗaga tafin hannu sama ta riƙe. Ta ce, "Nan na." Ban san me Ɗanjuma ya gani a hannun nan ba, amma mutumin da ya ce ruwa ba shi da tasha, shi da kansa ya kashe inji. Wuri ya yi tsit, sai ƙarar ruwan da ake watsarwa. Inna ta waiwayo ta ce, "Masu kwalhwa ku ci gaba, Fatiha guda ta." Ta dubi ruwan ta ce, "Baba, ni ta, Hauwa. Na daɗe ban zo ba." Sannan ta ɗaga hannu. Duk wanda hannunsa ba ya riƙe da jarka ya ɗaga nasa, har wata mata mai sarƙar gicciye a wuya ta sunkuyar da kai tana motsa baki. Ni ina tsaye a kan tsaga, ruwa har idon sawu, ba riga, ƙwai a gwiwa, na yi kuka irin wanda ban yi ba ranar da aka binne Babanmu.

Muka lallaɓa muka kai wata gaɓa kusa da wani ƙauyen masunta, kowa ya fita da ƙafarsa. Inna ta kwance ƙullin dabino ta raba, ta fara da Baba Tanko. Ni kuwa na nufi Ɗanjuma. Na ce masa ya san abin da na tambaye shi da safe, ya mayar da ni wawa. Ya ce, "Alhaji, ƙaddara ta, tunda Allah ya tsare sai godiya." Na ce ƙaddara ce ta ɗaure babura a goshi? Ƙaddara ce ta tuɓe wa mutane riga ta sa wa ƙwai? Wallahi ba don malamin makaranta ya shiga tsakani ba, da na auna masa sifanar da ban zo da ita ba. Abin da ya fi ƙona min rai, ina cikin faɗan masu babura suna can suna duba fenti, wasu fasinjoji kuma suna tambaya ko za a liƙe jirgin a ci kasuwa kafin la'asar. An kuwa liƙe shi da gwangwani, sun koma ciki. Sai dai na ga Baba Tanko a zaune a goshi da gorarsa, babur ɗaya an bar shi a gaɓa. Ko zai kai mako a wurin, Allah masani.

Mu ta ƙasa muka koma, a bayan wata motar ɗaukar shinkafa, sai bayan la'asar muka shiga Yelwa. Kulu ta dube ni ba riga, ta ce, "Halan ba ka tambaya ba?" Na ce na tambaya.

Washegari a motar Jega waya ta yi ƙara. Saƙon Yaya ne: na gani, Allah ya sawwaƙe, ranar Asabar mota za ta zo. Ina karantawa Inna ta ce, ba tare da ta dube ni ba, "Sani na?" Na ce shi ne. Ta ce, "Na san abin da kake rubuta mai tun gidan man nan. Ban yi karatun boko ba, amma na san hannun mai tsegumi." Na rasa inda zan sa fuskata. Can ta ce, "Tukunya kam na ƙona, kuma ina ƙara ƙonawa. Amma Lawali, an tashe ni daga gida sau guda. Wancan ruwa na, ba a gardama da shi. Ku kau ni na haihe ku."

A nan cikin mota, gaban mutane, na kira Yaya. Na ce masa saƙonnin nan biyu ƙarya na yi. Wurin gidan man nan da daji ne, ta riga mu saninsa ne kawai. Gidajen da ta gani a ruwa kuwa suna nan, na taka ɗaya daga itatuwansu da jirgi. Ya fara cewa ai likita ya ce, na ce likitan ya zo ya fitar da mutum sittin daga cikin giginyu tukuna. Na ce in tukunya ce damuwarsa, ni da iyalina muna bayan gidanta, za mu riƙa leƙawa. Muka rabu ba daɗi, har yau gaisuwarmu a taƙaice take.

Motar ta zo ranar Asabar, don Yaya ba ya fasa abin da ya faɗa. Inna ta sa aka ba direban tuwo, ta cika masa but da albasar bayan ɗakinta, ta ce ya gaida yara. Ta tsaya a ƙofar gidanta har ya sha kwana.

To kun ji yadda muka sha ruwa. Har gobe ina fushi da Ɗanjuma, da mai rigar aikin da ya ɗaga hannu daga inuwa, da duk wanda ya ga an tuɓe mana riga ya yi shiru. Amma shi Ɗanjuma bai san ta ba, ni kuwa ɗanta ne. Kwana huɗu bayan mun dawo na shiga gaishe ta, tana ba awaki dusa, hannun rigarta ya zame, na ga shatin yatsuna huɗu a damtsenta sun yi baƙi. Ta ga na gani, ta ja rigar ta rufe, ta ce in miƙo mata bokiti.